Gonar da Kawu Ya Ba Lakwal da Baki

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu, kuma ranar Talatar nan da hantsi Kawu ya riga mu tafiya. Yayan mahaifiyata ne, shi ya raɗa mini suna, shi ya biya mini sadaki, shi ne kuma mutum na ƙarshe a duniya da ke iya cewa in rufe baki in rufe. Ya tafi ana tsakiyar girbi, dammunan hatsi na jingine a gonaki, karan bana ko sara ba a fara ba. Ku riƙe maganar karan nan, za mu dawo kanta.

In na ce mutanen da suka zo jana'iza sun kai daga ƙofar gidansa har kwaltar Dogon Dutsi, za ku ce na fara halin nawa. To na rage. Sun cika unguwa, sun cika maƙabarta, ƴan kabu-kabu sun rasa inda za su jingine babura. Malaman lakwal, wato makarantar boko, sun zo dukansu, daraktan na gaba yana share ido da hannun riga. Mata a cikin gida kowace tana faɗin abin da ya taɓa yi mata. Wani tsohon Bafillace, abokin wasansa tun suna samari, ya iso da sanda a kafaɗa, ya tsaya gaban makara ya ce, "Ba'are, ashe gudu ka iya? Shekara sittin ina hwaɗa maka ni ad da kai, yau ka tahi ba ka nemi izini ba." Tsakanin Arawa da Fulani haka ake yi ko gaban gawa. Mutane suka yi dariya da hawaye a fuska. Shi kuwa ya juya ya fuskanci bango, bai sake juyowa ba sai da aka ɗauka.

Duk wannan ya yi mini daɗi. Abin da ya sa na ɗauki biro ba shi ne ba.

Mun dawo daga maƙabarta, ƙasar kabari ba ta bushe a ƙafafunmu ba, sai ga wani dillalin filaye cikin farin yadi, turarensa ya riga shi isowa da kamar rabin sa'a. Ya sa an sauke buhun shinkafa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya shafa addu'a har gemunsa ya yi sheƙi. Sannan ya matsa kusa da babban ɗan Kawu, ya rage murya, ya manta cewa ni kunnena yana jin tafiyar tururuwa. Ya ce, "Wancan hilin da lakwal ta zamna bisa, akwai takarda kuwa?"

A ranar babu takarda. Shi ya sani, ni na sani. Filin da ƴaƴan talakawan garin nan suke karatu a kai, gonar Kawu ce, da baki ya bayar, kuma yau bakin ya rufe. In magada suka ce aro ne, an gama: a yanka shi parsel-parsel, wato fuloti-fuloti, a sayar, yara su koma gindin itace. Shi ya sa nake rubuta wanene Kawu, tun ba a mayar da shi mai ba da aro ba.

Kawu bai taɓa zama aji ba. Yana yaro aka zo rubuta ƴan lakwal, mahaifinsa ya jefa shi cikin rumbu ya rufe, ya kwana biyu yana tauna ɗanyen gero. Ya kan ba da labarin yana dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe. Sai ya ce, "Rumbun nan har yau ban hito ba." Duk takardar da ta shigo hannunsa sai ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙa wa wani ya tsaya yana kallon bakinsa. Mutum ne da ba ya son tsayawa yana kallon bakin kowa.

Yana da wata kalma guda da duk gari ya sani. Kowane irin alkawari aka yi gabansa, na ɗan siyasa ko na mai neman aure, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To. Mu gani ƙasa." Ba ya ƙarawa. Na taɓa gaya masa zan daina shan shayi da sukari, ya ce, "To. Mu gani ƙasa." Yau shekara goma sha, har yanzu ba a gani ba.

Lanho kuwa, harajin kai, ba a taɓa biyo shi gida ba. Ranar da aka yi shela, ranar zai sa rigarsa ta Juma'a ya tafi wurin mai gari, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Takardun shaidar biya yana adana su cikin gwangwanin madara, ya ɗaure da tsumma, shi da ba ya iya karanta ko guda. Na ce, "Kawu, waɗannan za ka gada mana?" Ya ce, "Kai dai ba ka gadon komi, ɗan mace. Wanga gwangwani shi ab bakina. Wanda bai biya ba, ba shi da ta cewa in anka ci."

Shekarar da na yi aure aka ce za a buɗe lakwal a garinmu, in an sami fili. Kowa ya dubi sama. Kawu yana da wata gona bayan gari, jigawa ce, yashi tsantsa, in ka shuka tiya ka girbe rabin tiya da ciwon baya. A wancan zamani in ka ba jaki ita kyauta sai ya nemi ciko. Amma gona gona ce, ta kakanni ce, kuma bai da wata mai faɗinta. Da bazara ya kira mai gari, ya kira liman, ya kira Bafillacen nan da shanunsa ke kwana wurin suna zuba taki, ya ce ni ma in zo in riƙe goro. Daraktan farko, wani siririn malami mai gilashi da muke kira mushe irin na faransanci, ya zo da takarda da biro a aljihu.

Kawu ya ce, "Na ba lakwal wagga gona saboda Allah, daga waccan sabara har hanyar shanu." Liman ya yi fatiha, aka raba goro. Sai mushe ya fiddo takardarsa ya ce a rubuta, a sa hannu. Jama'a, da kun ga fuskar Kawu. Ya ce, "Mushe, ƙarya ka taɓa ji na yi? Ga liman, ga mai gari, ga Allah bisa. Takarda ta hi su?" Mushe ya ce ba haka ba ne, saboda gaba ne. Kawu ya ce, "Sadaka ba a yi mata rasit. Maida abinka."

Nan Kawu ya yi kuskure, kuma ina faɗa ne ina son sa. Ya ɗauka duniya za ta tsaya yadda ya same ta, inda mutum huɗu da goro sun isa. Amma ya yi wani abu da ya fi ƙarfin wayon masu wayo. Ya koma amalankensa ya ɗauko ɗan dashen bedi, itacen darbejiya, cikin tsohuwar ƙwarya, ya ɗora a tafin mushe, ya ce, "Dasa da hannunka." A ƙasarmu kowa ya san ƙa'idar aron gona: wanda aka ara wa yana noma, yana kai wa mai gona dami guda duk shekara don kada a manta, amma ba ya gina rijiya, ba ya dasa itace. Ranar da mai gona ya ce ka dasa, ranar ya fita daga gonar. Mushe ya durƙusa da wandonsa mai guga ya dasa. Kawu ya kewaye filin da shingen aguwa, ya raba shi da sauran ƙasarsa.

Azuzuwan na kara ne. Duk shekara sai an gama girbi a sari kara, a kafa itace, a yi rumfuna, sannan karatu ya kankama. Duk shekara kuma amalanken farko da ke shiga lakwal na Kawu ne, jakinsa na nishi, karan ya yi tudu har ba a ganin mai tuƙi. Kafin damina awaki sun cinye aji biyu, wata shekara na rantse sun haɗa da rabin allo. Ba a kunna ko ashana kusa, don kowa ya san abin da wuta ke yi wa kara da yara a ciki. Kawu ya kan tsaya bayan rumfa yana sauraron yara na rera abacada. Ba ya shiga. In mushe ya ce bismilla sai ya ce sauri yake yi.

Sai hanya ta zo. Aka gyara ta, ta bi ta gaban lakwal daidai, aka kafa turakun wuta. Ƴan kasuwa suka fara waiwayen bayan gari. Jigawar da jaki ya raina ta zama zinariya. Mutum ya sayi parsel da safe, kafin la'asar ta haihu. Wanda ke da bakin hanya ya daina gaisawa da hannu ɗaya.

Aka tara mu taro gindin bedin nan, wanda lokacin inuwarsa ta isa ɗaukar rabin gari. Wasu manya suka zo da wani saurayi mai na'ura a jaka, Hausarsa rabi faransanci rabi. Ya yi bayani mai daɗi, wallahi har na yi tafi. Ya ce fili ya yi daraja. A yanki gaban lakwal, wanda ke kallon hanya, a sayar. Masu saye za su gina shaguna. Shaguna za su biya haraji, gidajen kusa su ma harajinsu zai hau tunda darajarsu ta hau. Da sunan wannan harajin da za a riƙa samu, banki zai ba da bashi, a gina azuzuwan siminti shida da ƙofofin ƙarfe, ba kara ba akuya. Ya ce ƙasa da kanta za ta gina wa ƴaƴanku lakwal.

Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. Ya ce, "Yaro, in ji: bashin nan, wa ka biya nai?" Saurayi ya ce haraji. Kawu ya ce, "Haraji wa ka biya nai?" Ya ce jama'a. Kawu ya ce, "To mu ka biya kenan. Kuma gaban da za ku saida, na wa na?" Sai ɗaya daga manyan ya yi murmushi, ya ce, "Baba, an ce kai kab ba da. Akwai takardar da ta nuna iyaka?"

Kawu ya miƙe tsaye. Ya nuna aguwa. Aka ce aguwa ciyawa ce. Ya dubi inda liman ya saba zama, liman ya rasu. Mai garin da ya ci goron shi ma ya rasu. Daraktan farko kuwa tuni ya bar garin. Sannan Kawu ya ce, "To. Mu gani ƙasa."

Mun gani ƙasa, jama'a. An tuge aguwar gaba, an kafa borni, turakun iyaka na siminti. An sayar. Shaguna sun tashi cikin wata uku, don shago ba ya jiran kowa. Haraji ya hau. Wata tsohuwa maƙwabciyar Kawu, mai tuyar ƙosai a rumfa tun kafin a haife ni, aka ce yanzu rumfarta bakin hanya take, ta shiga layin masu shago. Ta zo tana kuka za ta tashi. Kawu ya kai tunkiya kasuwa ranar Juma'a, ya biya mata, ya ce in ta faɗa wa kowa ba shi ba ita. A zaman makoki ta faɗa, ta ce yanzu ya zo ya hana ta.

Azuzuwa shida fa? An haƙa tushe. An jera bulo layi biyu. An zo an ɗauki hoto da hula mai ƙarfi a kai. Daga nan shiru. In ka tambaya a ce banki, in ka tambayi wanda ya san banki ya ce ɗan kwangila, ɗan kwangila kuma an ce yana hanya, ina jin ta Makka ya biyo da ƙafa. Tushen nan yau awaki ke kwana ciki, su ne kaɗai suka ci moriyar bashin. Mu kuwa muna biya.

Ga wadda ta fi ƙona mini rai. Ɗaya daga filayen da aka yanka, wani mai hali ya saya ya gina lakwal ta kuɗi. Siminti, fenti shuɗi, fanka na juyawa a sama. Bayan ginin ya jingina da rumfunanmu. Ɗan mai shago yana cikin fanka, ɗan mai amalanke yana cikin kara, tsakaninsu bango ɗaya, duk a kan gonar mutum ɗaya. An ce mana ƙasa za ta gina wa yara lakwal, kuma ta gina. Ba a dai faɗa mana ƴaƴan wa ba.

Nan muka yi faɗa da Kawu, faɗanmu guda a duniya. Bakina ne ya jawo. Muna zaune ƙofar gida na ce, "Kawu, da ka riƙe gonarka, da yanzu kana da mota huɗu da mata huɗu, ni ina direba." Wasa nake. Ya dube ni ya ce, "Tashi." Na yi dariya. Ya ce, "Tashi mini daga tabarma." Tun daga girbi har watan azumi in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Ranar salla na je na durƙusa, ya bar ni har gwiwata ta mutu, sannan ya ce, "Su sun ce ban ba da ba. Kai kuma ka ce da ban ba da ba. Mi ab bambancinku?" Ban sake wannan wasan ba.

Kuma duk shekarun nan bai fasa lanho ranar farko ba, bai fasa amalanken kara ba. Sai dai ƙofar ta koma baya, dole ya zagaya ta bayan shaguna, ta kan bola. Na ce masa ya je a rubuta takardar ko yanzu, don abin da ya rage. Ya ce shi ba zai je ya roƙi a yarda da maganarsa ba. Taurin kai, Allah Ya gafarta masa, yana da na mutum goma.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa na je da safe. Yana kwance a zaure. Na fara ba shi labarin wani kifi da na gani a tabki, wanda sai da aka ɗaure shi da igiyar raƙumi. Bai yi dariya ba. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗan mace, rage ƙarya. Za a nemi bakinka."

An nema kuwa. Kwana uku bayan jana'iza, da hantsi, magada suka zauna a tsakar gida. Babban ɗan Kawu ba mugu ba ne, ina so a rubuta wannan. Yana da iyali kamar garke, gonarsa ta gaji, kuma abin da dillali ya raɗa masa zai iya sa liman ya yi tuntuɓe. Ya ce shi dai ya ji an ce aro ne. Na ce kyauta ce, ina wurin. Ya ce, "Kai? Kai da kac ce ka ga kura ta hau keke a Ɗan Kassari?" Aka yi dariya. Ya ce, "Shaidu biyu: mai kifin raƙumi, da Bahillacen da tun da anka haihe shi bai taɓa hwaɗin gaskiya bisa Ba'are ba." Aka sake dariya. Karo na farko a rayuwata aka yi dariya saboda ni, na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Na ce a tashi a je filin. Muka tafi, Inna matar Kawu kuwa, tana cikin takaba, ta aiko a gaya mana tana jiran abin da za mu dawo da shi. Gindin bedi na tsaya na faɗi abin da na gani: waye ya tsaya ina, goro nawa ne a hannuna, me Kawu ya ce, me mushe ya ce. Ban ƙara ko gishiri ba. Wallahi ya fi noman jigawa wuya.

Bafillace ya buga bedin da sandarsa. Ya ce, "Ni shanu na sani, ban san takarda ba. Ku Arawa ku ad da gona. Ku hwaɗa mini, a garinku ana dasa icce cikin gonar aro?" Ya ce, "Wa ya ba mushe dashen?" Ya ce, "Shekara nawa lakwal ta kai ma ubanku dami?" Babban ɗa ya sunkuyar da kai. Ko sau ɗaya ba a kai ba, shi ne ma ke kai musu kara.

Sai ƙaramin ɗan Kawu ya yi magana. Ɗan kasuwa ne, mai ɗan gemu da wando ɗangale, wanda tun ranar jana'iza muke rigima da shi saboda ya ce ba a yin sadakar uku. Na ɗauka shi zai fara cewa a raba gado. Ya ce, "Yaya, kuna ta faɗa da ni kan dafa shinkafa don lada ta kai wa Baba. Ga sadakarsa nan tana gudana, yara na karatu bisa kullum. Ita za mu tsaida?" Na rungume shi, ya ce in sake shi, ina warin goro.

Washegari muka je wurin mai gari na yanzu, aka rubuta takardar da Kawu ya ƙi, aka buga hatimi, aka kai kwafi inda ake kaiwa. Magada suka dangwala yatsa. Babban ɗan ya dangwala a ƙarshe, ya goge yatsan a rigarsa, har yau bai yi mini magana ba. Ba komai, na saba da gidan. Dillali ya aiko a mayar masa da buhunsa, Inna ta ce a gaya masa ƴan gaisuwa sun cinye, Allah Ya ba shi lada in yana so.

Kada wani ya ce an yi nasara. Gaban ya tafi. Bashi na nan, haraji na nan, azuzuwa shida suna cikin na'urar saurayin nan. Abin da muka tsirar shi ne wurin kafa rumfa.

Jiya na sari kara a gonar Kawu, na loda amalankensa, na kama hanyar lakwal. Ban taɓa jakin ba, shi ya san hanya. Da muka iso bakin titi, maimakon ya zagaya ta bola, sai ya miƙe ya tsaya cik gaban shuɗin bangon nan, daidai inda tsohuwar ƙofa take. Na yi, na yi, ya ƙi motsi. Mai gadi ya fito yana faɗa, ya ce in kawar da dabbata daga gaban wurin mutane. Na ce masa ya yi haƙuri, jakin bai iya karatu ba, maganar mai shi ya riƙe. Wannan kuma ban ƙara komai a kai ba, akwai shaidu.

Na sauka na ja shi muka zagaya. Na sauke karan gindin bedi.

Allah Ka gafarta wa Kawu taurin kansa, Ka karɓi gonarsa yadda ya ba da ita, Ka buɗe masa rumbun nan ya fito. Masu alkawarin aji shida kuwa, ga mu, ga ƙasa, muna kallo.